Ra'ayi: Ina bayan masu sa wa tsohuwar mota kilim

Wani ɗan kawuna da ke zaune a Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya turo mini bidiyo ta WhatsApp wata ranar Asabar. A can safiya ce, rana ba ta gama ɗagowa ba. Filin ajiye motoci ne na wani babban kanti da bai buɗe ba tukuna. An jera tsofaffin motoci, kowace an ɗage mata murfin inji, dattawa masu furfura suna zagayawa da kofin kafe a hannu. Ya tsaya gaban wata Ford ƙirar 1932, baƙa wuluk, ba madigadi, tayoyin baya sun fi na gaba girma nesa ba kusa ba. Sai ya zura wayar ta taga, ya nuna mini wasu ƴan ramuka biyu da aka ɓoye a ƙarƙashin allon gaban direba. Ya ce: "Ɗan uwa, dubi nan. Motar nan ta girmi kakanmu, amma tsohon nan ya sa mata kilim."

Bayan haka ya biyo da saƙon murya. Ya ce yana nan tsaye wani dattijon ya iso, ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce wa mai motar ya lalata ta. Mai motar ya amsa masa cewa da ƙafafunta ya zo da ita daga wata jihar, kuma da ƙafafunta za su koma, matarsa na zaune a gefe. Ɗan kawun nawa ya tambaye ni wa nake ganin ya fi gaskiya.

Na amsa masa a take: mai kilim. Amma na ga abin ya fi ƙarfin saƙon WhatsApp. Gardamar nan ta kai shekara hamsin ana yin ta a Amurka, kuma in aka bi ta a hankali tana taɓo inda mu ma muke zuba kuɗinmu idan mota ta shigo hannu.

Irin waɗannan motoci Amurkawa suna ce musu hotrod. Asalinsu kudancin Kalifoniya ne, a shekarun 1930, lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu. Matasan Los Anjelas ba su da kuɗin sabuwar mota, amma tsofaffin Ford ƙirar Model T da Model A suna nan birjik, da araha. Model T kaɗai an ƙera sama da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927. Sai saurayi ya sayi ɗaya, ya cire duk abin da ke da nauyi, madigadi da rufi da bamba, wani lokaci har da gilashin gaba. Ya taɓa injin, ya ƙara masa kafireto, ya nufi busassun tafkunan hamadar Mojave, irin su Muroc da El Mirage, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faranti, faƙo tsantsa, ba ɗan sanda ba mai tafiya a ƙasa. A 1932 kamfanin Ford ya fitar da mota mai sauƙin kuɗi ɗauke da inji mai silinda takwas, wanda ake kira V8, mai ƙarfin dawaki 65. Mai Corolla zai yi wa wannan adadin dariya a yau. A wancan zamanin kuwa, inji mai silinda takwas a hannun talaka sabon abu ne, shi ya sa har gobe ƙirar 1932 ita ce uwa a wajensu.

A 1937 ƙananan ƙungiyoyin samarin suka haɗu suka kafa SCTA, don auna gudu da tsara fita. Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da komai, sojoji suka karɓe Muroc. Sai dai waɗanda suka dawo daga yaƙin sun dawo da sana'a a hannu, walda da aikin ƙarfe da gyaran injin jirgin sama. Abin ya bunƙasa, ya kuma ɓaci. Tsere ya dawo kan titunan gari da dare, ana rasa rayuka, jaridu suka mai da sunan hotrod tamkar zagi. Mujallar Hot Rod, wadda Robert Petersen ya fara bugawa a 1948, da editanta Wally Parks, sun hango cewa in ba a tashi tsaye ba hukuma na iya murƙushe abin baki ɗaya. A 1950 aka fara tsere mai tsari a wani filin jirgin sama a Santa Ana. A 1951 Parks ya kafa ƙungiyar NHRA da niyyar kwashe tsere daga titi, a mai da shi fili mai alƙali da doka. Tsawon tseren rubu'in mil ne, wato mita 402.

Ka riƙe wannan adadin, mai karatu. Motar da aka gina don mita 402 ba ruwanta da bayanka. Don ta yi ƙasa ta rage karo da iska, sai a yanke ginshiƙan rufi a sauke shi da santimita bakwai ko goma, direba ya riƙa leƙen hanya ta wani siririn gilashi. Wasu har bodin suke saukewa ya lulluɓe ƙashin motar, abin da ke ɗago daɓen ciki, sai ka zauna gwiwoyinka suna neman haɓarka. An cusa babban inji a ɗakin da aka yi wa ƙarami, bututun hayaƙi yana bi ta ƙarƙashin ƙafarka, tsakaninku farantin ƙarfe ne kawai. Ƙafafun gaba biyu ƙarfe guda ne ya haɗa su, a kan sifirin ɗaya da aka gicciye, saboda haka ramin da ta dama ta faɗa sai ta hagu ta ji shi, kai ma ka ji shi a ƙugu. Birki kuwa, Ford ba ta koma mai aiki da mai ba sai a 1939. Kafin nan sanduna ne da wayoyi ke jan shi. Ko bayan nan ɗin birkin ganga ne, wanda makanikai ke ce wa tambur, mai yin sanyin jiki idan ya ɗau zafi a gangara. Ga giyar da aka zaɓa don fizgar tashi, wadda a doguwar hanya take sa inji ya yi ta kururuwa kamar ana yanka shi. Duk wannan ana iya jure shi na daƙiƙa goma sha biyar. Saurayi ɗan shekara ashirin ma zai jure shi na sa'a guda, ya sauko yana dariya.

Abin da ya canja motocin nan, a nawa karatun, taro ne. A watan Agustan 1970 aka kira babbar haɗuwa ta ƙasa baki ɗaya a Peoria, jihar Ilinoyi, can tsakiyar Amurka, motoci kimanin 600 suka amsa. A shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar NSRA da ke shirya ta har yanzu. Ba tsere ne ya kai su ba. Sun je ne su ga juna, su ga aikin hannun juna, su kwana a gari ɗaya. Wanda ya taso daga Los Anjelas yana da wajen kilomita 3,000 a gabansa, wato Yamai zuwa Damagaram sau uku da ɗoriya, a tsakiyar zafin Agusta. Kuma samarin 1950 sun zama magidanta ƴan shekara arba'in, da mata da yara. Daga ranar da taro ya koma nesa da gida, tambayar ta daina zama daƙiƙa nawa motarka ke yi, ta koma ko za ta kai ka ta dawo da kai, kuma ko iyalinka za su yarda su sake shiga baɗi.

Masu sana'a suka ga kasuwa. A 1976 wani mutum mai suna Jack Chisenhall ya kafa kamfanin Vintage Air a San Antonio, jihar Teksas, aikinsa ƙera na'urar sanyi ƙarama da za ta ɓuya a cikin motocin da ba a taɓa tanadar musu wurinta ba. Da masu tsegumi suka yi ta cewa kilim na cinye ƙarfin inji, sai ya kai wata Studebaker ƙirar 1953 filin gishirin Bonneville da ke jihar Utah a shekarun 1990, ya wuce mil 200 a sa'a, sama da kilomita 320, kilim na kunne. Wasu kuma suka gano cewa ƙafafun gaban Ford Mustang II, wadda aka ƙera daga 1974 zuwa 1978, motar da masoya Mustang suke rainawa, sun yi daidai da faɗin tsofaffin motocin. Suna zuwa da birkin faifai, wato diski, da sitiyari mai jin magana, kuma kowace ƙafa tana motsi da kanta ba ta jan ƴar uwarta. Aka yi ta ciro su daga wuraren ajiye matattun motoci, daga baya kamfanoni suka shiga ƙera sababbi a kan wannan samfurin.

Ɗan lissafi ɗaya zai nuna maka yadda ƙaramin canji ke juya tafiya. A farkon shekarun 1980 General Motors ta fitar da giya mai canja kanta da ke da mataki na huɗu na doguwar hanya, wanda ke rage juyin inji da kashi 30 cikin ɗari. Injin da ke juyi 3,000 a minti ɗaya a kan babban titi sai ya sauko 2,100, gudun motar bai ragu ba. Ƙara ta ragu, zafi ya ragu, shan mai ya ragu, mutum biyu suna iya hira ba tare da ihu ba. Ka haɗa wannan da shimfiɗar hana zafi da ake mannawa a daɓe da bangon da ya raba inji da fasinja, da kujerar da aka auna da tsawon mai ita, da lagireton alminiyom mai fankar lantarki don kada mota ta tafasa a cunkoson shiga filin taro. Ka ƙara da tukunyar man birki mai ɗaki biyu, wadda doka ta wajabta wa sababbin motoci a Amurka tun ƙarshen shekarun 1960. Mai ɗaki ɗaya, in bututu guda ya tsage birkin ƙafa huɗun ya tafi. Mai ɗaki biyu tana bar maka rabi. Ban ga yadda za a kira wannan lalaci ba.

To amma dattijon da ya girgiza kai ba wawa ba ne, kuma ba zan yi masa rashin adalci ba. Hujjar mutanensa ita ce motar 1932 tarihi ce, kuma tarihin ya haɗa da wahalarta. Warin mai, zafin daɓe, sitiyarin da sai ka yi kokawa da shi, duk suna cikin abin da samarin Muroc suka ji. In ka cire su ka sa kayan zamani, me ya rage? Ƙoƙon tsohuwa ne a kan jikin sabuwa. Wasu ma bodin nasu ba na 1932 ba ne, sabon ƙarfe ne ko zaren gilashi da aka zuba a ma'auni. Wannan ƙorafin ne ya haifar da masu komawa ga asali, waɗanda ke gina mota da kayan da ake samu kafin 1960 kawai, da wasu samari da suka bar tsatsa a jikin motocinsu da gangan don su tsokani masu fenti mai sheƙi. Ina ganin kyan aikinsu, kuma motar da ta yi suna a tsere tun wancan zamanin, wadda ake da hotunanta da tarihinta, ni ma zan ce a bar ta yadda take.

Inda na rabu da su shi ne a kan abin da suke kira asali. Samarin 1930 ba masu adana kayan tarihi ba ne. Su ne suka fara yanka Ford ɗin, suka jefar da rabinta, suka ɗauko injin wata motar suka dasa. Da Chevrolet ta fitar da nata ƙaramin V8 a 1955, ba su tsaya kunyar sa injin Chevrolet a cikin Ford ba, domin ya fi ƙarfi kuma ya fi sauƙin samu. Al'adar tun tushenta ita ce ka ɗauki abin da ke hannunka ka gyara abin da ke damunka. A 1948 abin da ke damun mai motar rashin gudu ne. A yau, yana da shekara saba'in da ciwon baya, abin da ke damunsa zafi ne da birki. Da a ce akwai birkin faifai a juji a 1948, ba na shakkar da gudu za su ɗauka.

Ƙorafin da ya fi damuna wani ne daban, kuma masu kilim ba su da cikakkiyar amsarsa. Kuɗi. Abin da ya fara a matsayin wasan talaka ya zama na masu hali. Idan kowane gyara sai an sayo shi a kwali daga kamfani, an biya shagon ƙwararru ya haɗa, to saurayin da ke da walda da haƙuri kawai an bar shi a bakin ƙofa. Duk wanda ya kalli hotunan manyan tarukan nan zai ga furfura ta yi yawa. Taron da aka fara a Peoria yanzu a Louisville ta jihar Kentaki ake yin sa a farkon Agusta, motoci sama da 10,000 ke zuwa, amma shekara da shekaru sai ƙirar da ta girmi 1949 ake bari ta shiga. A 2010 suka sassauta, duk motar da ta kai shekara 30 tana iya shiga. Wasu tsofaffin ƴan ƙungiya sun fusata. Ni ina ganin sun ma makara.

Sai dai ba kilim ne ya kawo tsadar ba. Gasar kyau ce. Tun 1950 ake baje kolin da aka fara a Oakland, wanda yanzu ya koma Pomona, inda ake ba da ƙaton kofi ga motar da ta fi kowace kyau. A Detroit akwai Autorama tun 1953, da kyautarta ta Ridler da aka fara bayarwa a 1964. Motocin da ke neman Ridler ana ɗaukar shekaru ana gina su, wasu kuɗinsu na haura dala miliyan guda, ana goge ƙasansu kamar madubi, har a shimfiɗa madubin na gaske a ƙasa don ka gani. Dokar gasar ta ce dole motar ta iya tashi, ta yi gaba, ta yi baya, ta juya dama da hagu, ta tsaya. Ka ji abin da ake nema daga mota: ta nuna cewa tana iya motsi. A cikin rufaffiyar tirela ake kawo irinsu, a mayar da su a cikinta, kuma masu tuƙa nasu suna yi musu laƙabin sarauniyar tirela. Aikin hannu ne na ban mamaki, ban musa ba. Amma in za a nemi wanda ya kauce wa samarin Muroc, a fara da wannan kafin a zo kan tsohon da ya tuƙo tasa daga wata jihar.

Shi ya sa taron da ya fi burge ni shi ne wanda mujallar Hot Rod ta fara a 1995, mai suna Power Tour. Ayari ne na kwanaki, kowace rana a wani gari, dubban motoci a kan hanya. Girmamawar da ake nema a nan ita ce a ce ka yi tafiyar tun daga farko har ƙarshe. Wanda motarsa ta mace a gefen titi, na bayansa su tsaya da akwatin kayan aiki. A irin wannan tafiya ƙarya ba ta daɗewa: lagireton da bai isa ba zai tafasa, kujerar da aka zaɓa don hoto za ta gaya wa mai ita gaskiya tun rana ta biyu.

Shirya taron kansa aiki ne da ba ya fitowa a bidiyo. Ana neman izinin mai fili da na hukumar gari, ana biyan inshora, ana sa masu nuna wurin tsayawa, ana sanar da lokacin tashi. NSRA tana da masu duba lafiyar mota kyauta ga wanda ya so, su duba birki da fitilu da oda da sitiyari. Akwai wani sharaɗi nasu da na so ƙwarai: kada wani abu a ƙarƙashin mota ya sauko ƙasa da bakin ƙarfen taya, domin in taya ta fashe kada ƙashin motar ya daki kwalta direba ya rasa iko da ita. Wanda ya rubuta wannan sharaɗin ya san abin da son a ga mota ta yi ƙasa ke jawowa. A wajen Detroit, zagayen titin Woodward da ake yi a Asabar ta uku ta watan Agusta ya fara ne a 1995 don tara kuɗin filin ƙwallon yara a Ferndale, yau kuma ana ƙiyasta masu kallonsa da kusan miliyan guda, garuruwan da titin ya ratsa da ƴan sandansu duk suna cikin shirin.

Haɗuwar safiyar Asabar irin wadda ɗan kawuna ya je, ta kafe da hira, ita ce mafi sauƙin shiryawa kuma mafi saurin mutuwa. Wadda ta fi suna, ta Irvine a Kalifoniya, ta fara a 2006, ta rufe a ƙarshen 2014 saboda jama'a sun fi ƙarfin wurin. Wasu da dama a wasu garuruwan abu ɗaya ne ke kashe su: mutum guda da zai taka totur a bakin fita don masu ɗaukar bidiyo, mota ta ƙwace masa ta hau kan dakalin masu kallo. Washegari mai fili ya janye izini. Shi ya sa za ka ga masu shiryawa sun fi ɗan sanda zafi a kan wannan, suna ɗaukar lambar mai laifi su hana shi dawowa.

Me ya haɗa mu da wannan, mu da ke Maraɗi ko Tawa? Ba mu da Ford 1932, kuma ba na kiran kowa ya je ya nemo. Amma aikin da Ba'amurke ke yi don sha'awa, makanikanmu suna yin sa don dole tun kafin a haife ni. Peugeot 404 da 504 da Turawa suka riƙa ƙetaro Sahara da su ta Arlit da Agadas suna sayarwa a shekarun baya, da 504 ɗin da aka haɗa a Kaduna, wasunsu suna nan suna ɗaukar kaya ranar kasuwa da injin da ba nasu ba. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanyar Kwatano ta rikice, wanda ke da tsohuwar mota ya ƙara riƙe ta da kyau. Ilimin raya tsohuwa muna da shi. Abin da nake tuhumarmu da shi, mu matasa, shi ne jerin abin da muke fara sayowa.

A watan Afrilun da ya wuce na bi wani abokina daga Yamai zuwa Maraɗi, sama da kilomita 600, a motar da yayansa da ke waje ya turo kuɗi aka saya masa. Ya sa mata sababbin jant masu walƙiya da siraran tayoyi, gilashi mai duhu, da lasifikokin da suka cinye rabin wurin kaya. Kilim ba ya aiki, ya ce iskar ce ta tsiyaye, zai duba in mun dawo. Amotisa sun mutu tuntuni. Zafi ya haura 40. Kafin Dogon Dutsi rigunanmu sun manne da kujera, kowane rami sai mun ji shi a haƙora. Da muka doshi Ƙonni na lura idonsa na lumshewa, motar tana jan gefe, na daka masa tsawa ya tsaya. Muka samu wani dattijon makanike a bakin hanya don ya duba wata ƙara da ke fitowa daga gaba. Ya cire taya, ya kalli birkin, ya kalle mu. Ya ce: "Ƴaƴana, wa ya bar ku kuka taso da wannan?" Abokina ya ce: "Baba, ai tana kamawa." Tsohon ya nuna masa abin da ya rage, ƙarfe na cin ƙarfe. Ya ce kuɗin da aka zuba a ƙafafun nan huɗu da ya ishe mu birki da amotisa da kilim, har a samu canji.

Tun daga ranar na daina ɗaukar jin daɗin tuƙi a matsayin kayan gayu. Direban da zafi ya gasa na sa'a biyar, ƙara ta cika masa kunne, bayansa na ciwo, ba shi ne wanda ya tashi da safe ba. Hankalinsa ya ragu, haƙurinsa ya ƙare, shi ne zai yi ganganci ya wuce babbar mota a kwana don kawai ya isa. Ƴan uwanmu da ke Amurka da Faransa da Libiya da Abijan, masu turo kuɗin mota ko motar kanta, su riƙa tambayar abin da aka fara gyarawa. Hoton jant ake turo muku domin shi ne ke fitowa a hoto.

Ɗaya gefen kuma shi ne wasan mota da babur a rakiyar amarya, abin da muke ce wa kortej. Duk wanda ya girma a garuruwanmu ya ga yadda ake juya mota a mararraba, yara na tsaye a gefe, kuma da wuya a samu unguwar da ba ta da labarin bikin da ya koma zaman makoki. Wannan shi ne daidai inda Los Anjelas take a ƙarshen shekarun 1940: samari masu son inji, titin jama'a, da hukuma mai sanda a hannu. Kame da tara suna kwantar da abin na wata biyu. Abin da ya yi aiki a can shi ne masu son motar da kansu suka nemi fili, suka rubuta doka, suka kori wanda ya karya ta. Ban ga abin da zai hana ƴan samarin Damagaram ko Yamai su je ma'aikatar magajin gari su nemi fili a bayan gari na safiyar Lahadi ɗaya a wata ba, a gayyato masu tsofaffin 504 da Marsandi da Land Cruiser, a zaunar da dattawan makanikai biyu a bakin shiga suna duba birki, wanda bai wuce ba ya ajiye tasa a waje ya shigo da ƙafa. In za a ba da kyauta, a ba wanda ya taso daga gari mafi nisa.

Abokin nawa ya canja birkin a Ƙonni, don tsohon ya ƙi mayar da tayar sai an canja. Jant ɗin suna nan suna walƙiya, kilim har yau bai ga makanike ba. Wata mai zuwa muna da ɗaurin aure a Damagaram, ya ce mu tafi tare a motarsa. Na riga na yanki tikitin bas.